Kwana uku kawai ya roƙa: tunawa da Marlin Briscoe, madugun da aka sauke bayan ya ci jarrabawa

Daren Lahadi 12 ga Fabrairu 2023 ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku da rabi, ga shi washegari Litinin ina da aji tun da sassafe. Ƙanena da ke zaune a Bronx, can birnin New York, shi ya ja min. Tun da rana yake damuna a WhatsApp: "Yaya, yau dai ka daure ka kalli wasan nan, ko da ba ka gane komai ba." Wasan da yake nufi shi ne Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda ake farawa ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare agogonmu na Gana. Kansas City Chiefs ta doke Philadelphia Eagles da 38 da 35. Tun kafin a fara, masu sharhi suke ta nanata magana ɗaya: wai wannan ne karo na farko a tarihin Super Bowl da jagororin ƙungiyoyin biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts, duk baƙar fata ne.

Na ce da ƙanena, to meye abin mamaki a nan, ai fiye da rabin mutanen da ke filin baƙaƙe ne. Ya yi dariya, ya ce in nemi sunan Marlin Briscoe in karanta, sannan mu yi magana. Na nema. Ashe mutumin ya mutu wata bakwai da rabi kafin wannan dare, ranar 27 ga Yuni 2022, a wani asibiti da ke Norwalk a jihar Kalifoniya, yana da shekara 76. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa. Tun daga lokacin labarinsa ya ƙi fita daga raina, kuma a gaba zan faɗi dalili.

Bari in fara da wasan kansa, don na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, da hannu ake jifarta ko a rungume ta a ruga. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan dai da muke auna atamfa da shi. Ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi goma. In ta ci, a sake ba ta huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta gidan ƙarshe ya samu maki shida. A tsakiyar wannan hargitsi akwai mutum ɗaya da kusan kowane hari ke farawa daga hannunsa, suna ce masa kwatabak. Shi ke tara 'yan wasa ya faɗa musu dabarar da za a bi, shi ke duban yadda masu tsaro suka jeru ya canja shawara nan take, shi ke jefa ƙwallon alhali ƙarti suna rugowa su danne shi. Ni dai madugu nake ce masa. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga har suka kafa zangunan da muke ciki sun san cewa ayari ba ya wuce hankalin madugunsa.

To wannan kujera ce aka daɗe ana hana baƙar fata. Masu ƙungiyoyi da masu horarwa na wancan zamani, kusan dukkansu farare, sun ɗauka cewa baƙin mutum yana da ƙafa da ƙarfi, amma ba shi da kan riƙe dabarun wasa, kuma fararen 'yan wasa ba za su karɓi umarni daga bakinsa ba. Yaro baƙi zai yi madugu tun daga firamare har jami'a, ranar da ya shiga wasan ƙwararru sai a ce masa ya koma mai gudu, ko mai cafe ƙwallo, ko mai tsaro. An ɗan samu waɗanda suka leƙa, irin su Fritz Pollard a shekarun 1920, da Willie Thrower wanda Chicago Bears ta sako a tsakiyar wasa a 1953. Amma a ce ga baƙi an miƙa masa ƙungiya ya fara wasa da ita, a zamanin da talabijin da manyan kuɗi suka shigo harkar, ba a gani ba sai kan Briscoe.

An haife shi ranar 10 ga Satumba 1945 a Oakland, yana ƙarami uwarsa ta koma da shi Omaha a jihar Nebraska. Omaha ɗin nan ita ce garin da aka haifi Malcolm X a 1925, Alhaji Malik El-Shabazz da ya ziyarce mu a Akra a 1964. Iyayensa sun bar garin yana jinjiri saboda barazanar masu ƙin baƙar fata. Briscoe ya tashi a gidajen talakawa na kudancin garin, kusa da karar shanu da manyan mayankai, unguwar da duk ɗan Zango zai gane warinta. Wani ɗan'uwansa, malamin makaranta mai horar da yara, shi ya fara kawo masa kayan wasa. Ya yi madugu a sakandare, ya yi a Jami'ar Omaha, inda suka laƙaba masa suna Mai Siddabaru, saboda yadda yake suɓucewa daga hannun masu kama shi ya jefa ƙwallo yana cikin gudu. Bai kai ƙafa shida ba a tsayi, abin da masu neman hujja suka riƙe daga baya.

A Amurka ƙungiyoyi na zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i ne bi da bi, zagaye bayan zagaye. A 1968 sai a zagaye na 14 Denver Broncos ta ɗauke shi, shi ne mutum na 357. Kuma a matsayin mai tsaron gefe ta ɗauke shi, wanda ke bin masu cafe ƙwallo.

Nan ne yaron ya yi abin da ya fi burge ni a duk tarihinsa. Mutum na 357 ba shi da bakin ciniki, abin da aka ba shi yake karɓa. Amma ya ce ya yarda zai yi tsaron, da sharaɗi ɗaya: a ba shi kwana uku a sansanin atisaye ya gwada jifa tare da sauran madugai. Ya san ana barin 'yan kallo da 'yan jarida su shiga atisayen Denver. Wato so yake a yi jarrabawar a bainar jama'a, yadda ko an kayar da shi, akwai idanun da suka ga takardarsa. Aka ba shi kwana ukun, ana ganin ai ba abin da zai canja. Ya yi jifarsa, mutane suka gani, aka mai da shi tsaro kamar yadda aka tsara tun farko.

Sai Allah ya yi ikonsa. Madugun ƙungiyar, Steve Tensi, ya karye a ƙashin kafaɗa, waɗanda aka sa a gurbinsa suka kasa. Ranar 29 ga Satumba 1968, ana karawa da Boston Patriots, saura kamar minti goma a tashi, mai horarwa Lou Saban ya tura Briscoe. Jifarsa ta farko ta ci yadi 22. Can kuma ya ja ƙungiyar yadi 80, ya ƙarasa yadi 12 na ƙarshe da ƙafarsa. An dai ci su 20 da 17, amma ranar 6 ga Oktoba shi ya fara wasa da Cincinnati Bengals, baƙi na farko da ya fara wasa a matsayin madugu a gasar AFL, wadda ta haɗe da NFL a 1970.

A tuna wace shekara ce wannan. A watan Afrilunta aka harbe Martin Luther King a Memphis. Muhammad Ali na zaune an ƙwace masa kambu tun 1967 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam. Kwana goma bayan wasan Cincinnati, Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulen hannu a gasar Olamfik ta Meziko aka kore su. A cikin wannan zafi ne yaro ɗan shekara 23 yake tsayawa tsakiyar manyan farare, wasunsu 'yan kudancin Amurka, yana faɗa musu inda kowa zai tsaya. Kuma suka bi shi. Tsoron da aka daɗe ana kafa hujja da shi, cewa farare ba za su kare baƙin madugu ba, a filin Denver ya watse.

Mu duba makinsa, tunda aikina ke nan. Wasa 11 ya buga a kakar, biyar kawai ya fara. Ya jefa ƙwallo ta ci yadi 1,589, jifa 14 suka kai gidan ƙarshe, ya ƙara yadi 308 da gudu. A wasa ɗaya da Buffalo ya jefa yadi 335 da ci huɗu. Shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa na AFL. Don adalci, takardar tana da jan biro: cikin jifa 224, guda 93 ne suka isa hannun mutanensa, 13 kuma abokan karawa suka cafe. A ma'aunin yau wannan rauni ne. Amma a auna shi da 'yan ajinsa. Joe Namath, wanda aka ba gwarzon AFL a wannan shekarar kuma ya ɗauki Super Bowl, ci 15 ya jefa, aka cafe masa 17, shi da ya buga kaka cikakkiya. John Elway, babban gwarzon Denver na kowane zamani, ci 7 ya jefa a shekararsa ta farko a 1983. Ci 14 ɗin Briscoe ya zauna a matsayin tarihin sabon madugu a Denver har shekara 56, sai a 2024 Bo Nix ya wuce shi.

Kaka ta ƙare, ya koma Omaha don ya ƙarasa karatun digirinsa. Yana can labari ya iske shi cewa ana taron madugai a Denver ba a kira shi ba, kuma an kawo wani, Pete Liske, daga gasar Kanada. Ya hau jirgi ya je ya gani da idonsa. Da ya tabbatar ba za a bar shi ko takarar kujerar ba, ya nemi a sallame shi, aka sallame shi. Har ya tsufa yana faɗin cewa ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa dalili. Denver kuwa ba ta ga kakar da nasararta ta fi faɗuwarta yawa ba sai 1973, bayan Saban ya bar ta.

A nan na ajiye wayar na yi shiru, don na tuna wani abu da na yi.

Shekarun baya, a makarantar da nake koyarwa, aka ce mu fitar da yara uku da za su wakilce mu a gasar kacici-kacici ta lissafi da kimiyya tsakanin makarantun yankinmu. Ni aka ɗora wa tantancewa. Na yi musu jarrabawa sau uku, kuma sau ukun yaro ɗaya ne ya zo na ɗaya, ɗan wani mahauci a unguwarmu. Kullum a makare yake zuwa, don sai ya taya babansa ɗauko nama da asuba, da yamma kuma yana makarantar allo. Da na kai sunaye ofis, sai aka ce min Turancin yaron na Zango ne, in ya riƙe makirfo gaban alƙalai zai ba mu kunya, a sa waɗanda bakinsu ya fi gogewa. Wallahi ban yi musu ba. Ni da na tashi a lungun da ya tashi, ni da aka sha yi wa dariyar harshe a kwalejin horon malamai, ni ne ma na kawo shawarar a bar shi a matsayin ɗan ko-ta-kwana, ya riƙa taya sauran bita. Na kira shi na faɗa masa a tsaye a bakin aji, ban ba shi dalili ba. Ya ce, "To, Malam." A zangon da ya biyo baya muka sa shi a ƙungiyar ƙwallon makaranta, ya yi ta cin ƙwallaye, muna tafa masa, kowa na cewa ai yaran Zango akwai ƙafa.

Ba ina cewa abin da ke tsakanin baƙi da fari a Amurka daidai yake da abin da ke tsakanin ɗan Zango da sauran jama'a a nan ba. Tarihinsu da bauta da bulala ya zo, namu da fatauci. Amma yadda ake yin abin iri ɗaya ne, kuma na san shi daga ciki: ba wanda ya ce yaron ya faɗi, sai dai a samo wata kujera a ce ita ta fi dacewa da shi, a kuma yaba masa a kanta.

Briscoe ya leƙa Kanada na ɗan lokaci, bai zauna ba. Buffalo Bills ta ce za ta ɗauke shi, amma a matsayin mai cafe ƙwallo, aikin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya karɓa, ya zauna ya koya. A shekara ta biyu, 1970, ya cafe ƙwallo 57, yadi 1,036, ci takwas, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar. A Buffalo ɗaki ɗaya suke kwana da James Harris, wani baƙin madugu da aka ɗauko daga jami'ar Grambling a 1969, wanda ya zama baƙi na farko da ya buɗe kaka a kan kujerar. Ka duba wannan zama: wanda aka sauke yana kwana da wanda aka ɗora, yana gaya masa inda ramukan suke. Harris ya daure, daga baya ya yi suna a Los Angeles Rams.

A 1972 Saban ya dawo Buffalo a matsayin mai horarwa, a shekarar kuma Briscoe ya koma Miami Dolphins wajen Don Shula. Ya faɗa a sa'a. Miami ta 1972 ta buga wasa 17 ta ci 17, har da Super Bowl, abin da ba wata ƙungiyar NFL da ta sake yi har yau. Briscoe ne ya fi kowa a ƙungiyar cafe ƙwallon ci a kakar, guda huɗu. Shekara mai zuwa suka sake ɗaukar kofin. Wani abin lura, a wasa na biyar na 1972 madugun Miami, Bob Griese, ya karye a ƙafa, aka ɗora Earl Morrall mai shekara 38. Morrall gogagge ne, ya kuma yi aikin, ba laifi a zaɓen. Ina dai tunanin abin da ke zuciyar mutumin da ke tsaye can gefen fili yana jiran a jefo masa. Ya ƙarasa da San Diego da Detroit da New England, ya ajiye wasa bayan kakar 1976. A duk shekaru takwas da ya yi bayan Denver, jifar da aka bar shi ya yi ba ta kai goma ba.

Zobe biyu na Super Bowl a yatsa, sai a ce ai ya gama. Ya zauna a Los Anjalas yana dillancin takardun lamuni, yana samun kuɗi sosai. Daga nan hodar ibilis ta shigo. Ba zan ce sauke shi da aka yi ne ya jefa shi ciki ba. Wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne, kuma mu da muke ganin abin da taramol ke yi wa samarinmu mun san ƙwaya ba ta tambayar dalili. Gida ya tafi, aure ya mutu, zobban nan biyu da ya jinginar wajen karɓar bashin banki aka yi gwanjonsu. Ya kwana a titi, ya shiga kurkuku. Kusan shekara goma ya yi a wannan hali.

Ya fita, kuma da ƙafarsa ya fita. Abin da ya zaɓa ya yi da sauran ƙarfinsa shi ne aikin yara: ya yi shekaru yana jagorantar wata cibiyar kula da yara ta Boys and Girls Club a Long Beach, ya buɗe sansanin koya musu wasa. Ya haɗa kai da su Harris da Doug Williams da Warren Moon suna horar da yara masu son zama madugai. Waɗannan sunaye kowanne da nasa tabon. Moon ba ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi a 1978, sai da ya je Kanada ya ɗauki kofi biyar a jere da Edmonton sannan aka buɗe masa ƙofa. Williams shi ne baƙin madugu na farko da ya ci Super Bowl, a Janairun 1988 da Washington, kuma ƙungiyar da ya lallasa 42 da 10 a ranar ita ce Denver.

Girmamawa ta zo a makare, kamar yadda ta saba. A 2016 aka shigar da shi zauren gwarazan wasan jami'o'i, jami'arsa ta Omaha ta kafa mutum-mutuminsa. A 2021 Denver ta sa sunansa a wani shirinta na horar da sababbin masu horarwa daga cikin waɗanda aka daɗe ana bari a baya. Yana da rai ya ga wannan, shekara 52 bayan taron da ba a kira shi ba.

A watan da ya mutu, Yunin 2022, 'yan kwanaki kafin mutuwar, hukumar NFL ta yi sansaninta na farko a nahiyar Afirka, kuma a nan Akra ta yi shi, ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora. Ga kuma namu Ezekiel Ansah, haifaffen Akra, da Detroit ta zaɓa na biyar a 2013, mai farautar madugai ne a lokacin da yake wasa. Na san madugu tun yana ƙarami ake rainonsa, wanda ya fara wasa yana da shekara ashirin da wuya ya kama wannan kujera, don haka ban zargi kowa ba in an zo nan neman tsawo da ƙirji da gudu. Amma tunda an fara koya wa ƙananan yara samfurin wasan da ba a kayar da juna, zan so in ga wa ake miƙa wa ƙwallon ya jefa.

Shi kuwa ɗan mahaucin, yanzu yana babbar sakandare, ajin kimiyya. A hutun da ya wuce na same shi a teburin babansa a kasuwa yana yanka. Na gaishe da baban, na sayi nama, sannan na ja yaron gefe na ce masa abin da aka yi a gasar nan ba daidai ba ne, kuma da hannuna a ciki. Na ɗauka ya manta. Ya goge hannu a jikin riga ya ce, "Malam, ai na san ni na zo na ɗaya duka ukun. Na yi ta jira ne ku gaya min abin da na yi." Na ce ba abin da ya yi. Ya gyaɗa kai, babansa ya ƙwala masa kira ga mai saye na jira, ya koma kan sikeli.